Kuros ɗin Tica

Maje ya ƙara taka totur, tsohuwar a-kori-kurar ta yi gurnani ta miƙe a kan titin Zariya. Idonsa ba ya kan maleji, domin malejin motar ya mutu tun Victor yana firamare. Idonsa yana kan ɗan katakon da ke rataye a wuyan madubi, wanda marigayi Habila, mahaifin Victor, ya ɗaura da zare ranar da ya sayi motar. Da farko lilo kawai katakon yake yi a hankali. Da gudu ya ƙaru sai ya fara karkarwa, can kuma ya rikice da rawa har ido ba ya iya tsayar da shi. Kujera ma ta ɗauka, haƙoran Victor suka fara haɗuwa.

"Ka ji ko, Baba? Abin da nake gaya maka ke nan," in ji Victor, yana riƙe da hannun ƙofa.

"Ba ka gaya mini komai ba. Motar ce take gaya mini, kai kuma kana katse ta."

Maje ya saki sitiyari na ɗan lokaci, sitiyarin ko motsi bai yi ba. Ya zare giya ya sa ta a firi, inji ya yi ƙasa da murya, amma girgizar tana nan daram a ƙarƙashin kujera. Ya ja tsaki ya fara neman wajen juyawa.

"Ina ka ce ka kai ta?"

"Wani gareji a Hotoro. Suna da kwamfuta, sun jona mata."

"Sun jona mata. To me kwamfutar ta ce?"

"Sun ce taya ce. An canza na gaba, an yi balansin. Da bai daina ba suka ce shokazoba."

"Da kun koma karo na uku da sun ce fenti ne."

Duk Gyaɗi-Gyaɗi an san Maje da abu biyu, iya aiki da raina mutane, kuma har yau ba a daidaita a kan wanda ya fi yawa ba. Ya ba sittin baya, shi kaɗai yake aiki a ƙarƙashin wata rumfar kwano bayan layin masu faci, don babu wanda ya iya jure bakinsa. A wajensa duk bakaniken da ya riƙe sifana bayan shi maɓarnaci ne, direbobi makasa ne, masu motoci kuwa mutane ne da Allah ya ba abin da ba su san darajarsa ba. Victor ma bai tsira ba. Tun da ya ga hannayensa masu laushi da agogon da ke ƙirga masa taku ya gama yanke masa hukunci. Namiji da gemunsa, yana aiki a Abuja, amma bai san ta inda ake zuba wa motar ubansa ruwa ba.

Mutum ɗaya Maje yake raga wa, shi ma ba sosai ba. Shi ne Habila, mutumin Kaciya, wanda ya koyar da lissafi a wata sakandare a Tarauni har ya yi ritaya, ya koma jigilar citta daga gida zuwa Dawanau da wannan motar. Maje bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai Tica. Shekara ashirin da wani abu Tica yana zuwa ya zauna a bencin garejin su yi ta gardama, Maje yana zaginsa yana dariya. Bayan Ista hawan jini ya kayar da shi. Yanzu matarsa Esther ta saki gidan hayarsu na Tarauni, gobe da safe za ta koma Kaciya gaba ɗaya, kuma wannan motar ce za ta ɗauke ta, ita da ɗanta da duk abin da suka tara a Kano.

A kan bencin suka tarar da ita, daidai inda mijinta yake zama, da baƙin ɗankwali da jaka a cinya. Ladi mai abinci, 'yar Pankshin, wadda rumfarta ke manne da garejin, ta kawo mata ruwan sanyi tana yi mata fifita da murfin kwano. Maje bai kalle su ba. Ya wurga kwali ƙarƙashin motar ya bi shi da baya.

Tun a hanya ya san inda zai duba. Girgizar da ba ta taɓa sitiyari ba, ba ta kuma damu da inji ba, ta farfela ce, wannan dogon bututun ƙarfen da ke ɗauko ƙarfi daga giya ya kai wa tayoyin baya. A kowane kai na farfela akwai wani ɗan ƙarfe mai hannu huɗu da ke ba ta damar lanƙwasa tana juyawa, shi ne kanikawa suke ce wa kuros. Maje ya kama farfelar da hannu biyu ya murɗa. Kuros na baya lafiya. Na gaba ya ce ƙwas, ƙwas, jan garin tsatsa ya zubo masa a fuska.

Ya goge ido ya duba da kyau, sai ransa ya ɓaci. Ya gane ƙarfen. Shekarar da ta wuce waccan, da kuros ɗin motar ya gaji, shi da kansa ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya tona ya zaɓo ɗan Beljiyam mai nauyi. Sai ga Tica da wani sabo a kwali yana ƙyalli, wai tsohon ɗalibinsa ne ya sayar masa, ba zai cuce shi ba, ya yarda da shi. Maje ya ce wallahi hannunsa ba zai ɗaura wannan gwangwanin ba. Tica ya ɗauki motarsa ya kai wani waje aka ɗaura. Suka yi wata guda ba sa magana, daga baya Tica ya dawo ya zauna a benci kamar ba a yi komai ba. Shi kuwa Maje ya naɗe ɗan Beljiyam ɗin a tsumma mai mai ya ajiye a ƙasan akwatin kayan aiki, yana jiran ranar da Tica zai zo da kansa ya ce ka yi gaskiya. Ga ranar ta zo, mutumin ya tafi bai biya shi wannan kalmar ba.

Da wannan haushin ya fito daga ƙarƙashin motar.

"Maman Victor, ba taya ba ce, ba inji ba ne. Kuros ne."

Esther ta ɗago kai. "Me ka ce?"

"Kuros ɗin nan da mijinki ya ɗora wa motar nan, shi ne ciwonta. Tun yana raye na gaya masa abin banza ne, ba zai kai shi ko'ina ba. Ya ƙi ji, wai shi ya yarda da shi. To ga shi nan. In kuna so ku isa gida da ranku, a cire shi a jefa a bola."

Ladi ta daina fifita. Victor ya zare waya daga kunne ya matso, uwar ta ɗaga masa hannu ya tsaya.

"Malam Maje," ta ce a hankali, "kai ne da bakinka ka faɗi haka?"

"Ni na faɗa. Da za a tashe shi yanzu a gabansa zan maimaita. Mutum da ilminsa, amma ya tsaya yana dogara da wannan tarkacen."

Ya juya musu baya ya durƙusa gaban akwatinsa yana zaɓen sifana, shi a wajensa magana ta ƙare, sai aiki. Bai ga lokacin da ta miƙe ta zura hannu ta tagar motar ta fizge katakon daga madubi har zaren ya tsinke ba. Ƙarar ƙofa ya ji, sai ƙarar inji. Kafin ya miƙe tsaye a-kori-kurar ta fice daga layin, ta bar masa kwalinsa da shatin taya a kai.

Ya tsaya da sifana a hannu. Can ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"Allah ya kiyaye hanya! A koma wajen kwamfuta!"

Ya zauna a bencin yana ba kansa dalilai, kuma dalilan ba su yi masa wuyar samu ba. Mace ce, an taɓa mijinta, ta hau dokin zuciya. Ɗan kuma ɗan boko ne, ya ga bai kamata mai datti ya gaya musu gaskiya ba. Mutanen yanzu ke nan, ka ce musu ga ciwo su ce ka zage su. Shi dai ya fita, ya faɗa a gaban shaidu.

Sai dai akwai abin da ya sani, kuma sanin bai bar shi ya sake ba. Kuros na baya in ya karye, farfela jan ƙasa kawai take yi, mota ta tsaya. Na gaba kuwa in ya karye ana gudu, kan farfelar ne yake faɗowa ya caki kwalta, motar ta tashi a kansa ta kife. Ya taɓa zuwa janyo wata a wajen Kwanar Ɗangora, abin da ya gani a wurin har yau ba ya son tunawa. Wannan ƙarfen da ya murɗa ɗazu, in aka ɗora masa gadaje da firji da buhuna, ko Zariya ba zai gani ba. Ya kori tunanin, ya je ya yi azahar, ya dawo tunanin yana zaune yana jiransa a benci.

Ya leƙa rumfar Ladi. Shekaru masu yawa ba ya buƙatar ya ce mata komai, da ta hango shi take zuba masa shinkafa da wake da yaji a gefe.

"Babu," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Babu me? Ga tukunya nan cike."

"Na mutane ne."

"Ni kuma fa?"

Ta ajiye ludayi ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da shi ya saba yi wa mutane. "Oga Maje, na ji ka zagi direbobi, na ji ka zagi 'yan sanda, na ji ka zagi miyata kana ci kana ƙari. Duk na ce hali ne. Amma yau ka nuna mini ko kai wane ne. Matar da ƙasar kabarin mijinta ba ta gama kwanciya ba, ka dube ta ka ce ta jefa gicciyensa a bola? Ka ce abin da ya dogara da shi tarkace ne? Mu ma da muke zaune da ku a nan, ashe haka kake kallonmu."

"Wane gicciye? Ke lafiyarki kuwa?"

"Kuros! Ko ba kuros ka ce ba? Wanda ke rataye a madubi. Tana kuka ta cire shi, a gabana."

Shekara ashirin Maje yana kallon katakon nan, bai taɓa ba shi suna ba. A wajensa katakon Tica ne, abin awo, wanda ya maye gurbin maleji. Kuros kuwa ƙarfe ne da ake sa wa giris. Ya maido da maganarsa ta ɗazu a kai, kalma bayan kalma, ya saurare ta da kunnen matar.

Abin da ya fara zuwa masa, kamar kullum, raini ne. "Jahilci dai bai yi ba. Mutum ya yi shekara talatin yana hawa mota bai san sunan kayanta ba." Ya koma rumfarsa ya tona tulin ƙarafa ya ɗauko wani tsohon kuros ya dangwara shi a kan teburinta. "Ga shi. Wannan nake nufi. Yana ƙarƙashin mota."

Ladi ta juya ƙarfen da bakin ludayi. Hannu huɗu, daidai da daidai. Dariya ta taso mata ta danne ta.

"To ni ka kawo wa? Ni ce zan hau motar gobe? Ɗauke mini shi daga kan abinci ka kai inda ya dace."

"Ni in bi mota gida? Ban taɓa ba."

"To kada ka fara. Zauna da girmanka, jibi ka ji labari a rediyo."

Ya kira lambar Victor aka katse. Ya sake kira aka kashe wayar gaba ɗaya. Ya zagi wayar, ya zagi kamfanin, ya zagi wanda ya ƙirƙiro ta. Sannan ya durƙusa ya kwashe kayan akwatinsa har ƙasa, ya ɗauko ƙunshin tsumman nan. Ya zuba sifanu da guduma da jak da gwangwanin giris da guntun alli a buhu, ya tare adaidaita sahu. Har suka isa Tarauni yana gaya wa mai tuƙin cewa bai iya ba.

Gidan sau ɗaya ya taɓa zuwa, ranar gaisuwar mutuwa. Ranar ma da ya zauna a ƙarƙashin rumfa ya nemi abin faɗa ya rasa, ƙarshe sai ya ɓige da gaya wa mutane cewa janareton da suka kunna yana shan iska ta kafireto. Yau ƙofar gidan cike take da kaya. Katifu a jingine, kujeru ƙafafu sama, wasu mata 'yan cocinsu Esther suna ɗaure tukwane a cikin zannuwa. An riga an ɗora firji da gado a bayan motar, har ta ɗan zauna.

Victor ne ya fara ganinsa. Ya sauko daga kan kayan ya tare shi.

"Baba, don girman Allah ka koma. Ina ganin girmanka saboda mahaifina. Kada ka sa in daina."

"Matsa ka ba ni waje. Ba wajenka na zo ba."

"Ba za ka gan ta ba."

Matan suka daina ɗauri. Daga yadda suka zuba masa ido ya san labari ya riga shi isowa, kuma ya san ba za a kwana ba sai ya kai Sabon Gari. Bai saba a kalle shi kamar abin ƙyama ba, ya ji ba daɗi ƙwarai. Esther ta fito daga cikin gida da tsintsiya a hannu, idanunta a kumbure. Ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta gaishe shi ba.

Ya shirya magana a hanya, amma da ya gan ta sai maganar ta gudu. Ya ajiye buhu ya warware tsumman, ya miƙa mata ƙarfen a tafin hannunsa.

"Wannan ne. Sunansa ke nan, kuros. Ba ni na raɗa masa ba, haka na tarar ana faɗa. Akwai irinsa a ƙarƙashin motar, shi ne ya lalace. Tica ya sayi na banza na hana shi. Wannan na saya masa tun lokacin, yana ajiye."

Ta matso ta duba. Victor ma ya leƙo. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Yesu!" ta rufe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa. Esther ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ƙarfen kafin ta ɗago.

"Na gane, Malam Maje."

"To shi ke nan. Da kin tsaya kin tambaya..."

"Da wani ne ya faɗa, da na tsaya na tambaya." Muryarta ba ta tashi ba. "Da mai facin layinku ne, da na ce masa me kake nufi. Da yake kai ne, ban ga abin tambaya ba. Baban Victor kullum cewa yake, ki bar Maje, baki ne kawai, cikinsa fari ne. Shi ya ga cikin. Ni shekara ashirin bakin kawai nake gani. Da ka faɗa ɗazu, abin da na ce a raina shi ne, yau dai ya fito da ita."

Maje ya nemi wanda zai raina a wajen ya rasa. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. Ya sunkuya ya ɗauki buhunsa.

"A sauke firjin nan," ya ce da Victor, murya ƙasa-ƙasa. "A samo mini kwali da duwatsun tare taya."

Ƙarƙashin mota ya fi masa sauƙi, a can babu mai kallon fuskarsa. Kafin ya taɓa ko noti ɗaya sai da ya ja layi da alli daga jikin farfela zuwa inda take haɗuwa da giya, ya yi haka a baya ma, domin farfela in ba a mayar da ita yadda aka same ta ba, ko sabon kuros aka sa mata sai ta yi rawa. Ya kwance ta ya jawo ta waje ya ɗora a kan wani turmi da ke cikin kayan tafiya. Ya zare 'yan zobban da ke riƙe da ƙarfen, ya bi shi da guduma. Da kofin farko ya fita babu ko ɗigon giris a ciki. 'Yan sandunan ƙarfen da ya kamata su cika shi sun niƙe sun koma jan gari, hannu ɗaya kuma ya cinye har rabi.

Victor ya tsuguna ya ɗauka yana juyawa. "Wannan ne zai kai mu Kaciya?"

A wata ranar da Maje ya samu abin faɗa har magariba. Yau cewa ya yi, "Riƙe mini nan," ya nuna masa inda zai riƙe.

Ya zaunar da ɗan Beljiyam ɗin a hankali, yana bugu yana saurare, yana lanƙwasa shi da hannu har ya ji yana tafiya sumul ba kamewa ba sako-sako. Ya cika shi da giris. Ya mayar da farfela, alli ya haɗu da alli, ya ɗaure notuna yana nishi. La'asar ta yi sanyi lokacin da ya fito, rigarsa ta koma kalar ƙasa. Wata daga cikin matan ta ajiye masa ruwa a buta, ya yi alwala ya yi sallah a kan kwalin a gefen katanga.

"Sai an gwada," ya ce bayan ya sallame.

Ya hau ya tayar da mota, idonsa ya tafi wajen madubi da kansa. Babu komai sai guntun zare. Ya zauna inji yana aiki, hannu a kan giya, ya kasa tashi. Can ya leƙo ta taga.

"Maman Victor. Ina katakon?"

"Me za ka yi da shi?"

"Da shi nake awo."

Ta dube shi ba ta gane ba.

"Malejin motar nan ya mutu tun tuni. In na fita gwaji shi nake kallo. In ya yi rawa akwai saura, in ya tsaya aiki ya yi. Tun da Tica ya rataya shi bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Esther ta shiga gida ta fito da jakarta. Ta zagaya ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a gefensa, ta ciro gicciyen, ɗan ƙarami, goshinsa ya yi santsi saboda taɓawa. Zaren ya tsinke gab da ƙulli, ba zai ɗauru ba. Maje ya laluba aljihu ya samo guntuwar wayar wuta, ya fere ta da haƙori ya miƙa mata jan ƙarfen. Ita ta zura, ita ta ɗaura a wuyan madubin, ta murɗe bakin da kyau.

Suka fita ta cikin unguwa suka hau titin Maiduguri. Ya sa giya ta uku, ya sa ta huɗu. Gicciyen ya yi lilo sau biyu a kan wani rami ya dawo. Maje ya taka totur har inda ɗazu haƙoran Victor suke haɗuwa, ya wuce nan. Kujera shiru. Abin yana rataye a tsaye kamar a bangon ɗaki.

"Ya tsaya," in ji Esther.

"Ya tsaya."

Ta sa gefen ɗankwali ta goge ido, ta juya tana kallon shagunan da ke wucewa. Shi kuma akwai maganar da yake son gaya mata tun a ƙofar gida, 'yar gajeruwa, wadda yara ma sun iya, amma bakinsa bai san hanyar fitar da ita ba.

Sun kusa shataletalen Hotoro wani mai adaidaita sahu ya yanko musu gaba ba ko sigina, ya tsaya cak a tsakiyar titi zai ɗauki fasinja. Maje ya danne birki, tayoyi suka yi ƙara. Ya zura kai ta taga ya cika baki da iska, sai ya tuna wadda ke gefensa. Ya mayar da kai ciki ya kama sitiyari da hannu biyu.

Esther ta dube shi.

"Zage shi mana, Malam Maje. Wannan kam ya ci a zage shi."

Maje ya nemi zagin ya rasa. Ya kunna sigina, ya kewaye mai adaidaitan a hankali, ya juya da ita gida.